Gani Ya Riga Ji: Ranar da Tagwayen Falcon Heavy Suka Dawo

'Yan uwana masoya roka, yau ba alƙalanci na zo yi ba, da ɓangarena na taho tun daga gida. A duk rokokin da aka harba tun shigowar wannan ƙarni, babu wadda ta kama ƙafar Falcon Heavy a tashinta na farko, ranar Talata 6 ga Fabrairun 2018. Na san magoya bayan Artemis za su taso mini da daren 16 ga Nuwamban 2022, lokacin da rokar SLS ta mayar da tsakar daren Fulorida rana. 'Yan Starship ma na hango su sun ɗaga yatsa, suna so su tuna mini safiyar 13 ga Oktoban 2024, da hannuwan hasumiya suka cafke busta tana iska a Boca Chica. Duk na kalla, duk na yi ihu har muryata ta dushe. Amma waɗancan a allo na gan su. Wannan kuwa ina tsaye a bakin teku, ina ɗan shekara 16, ƙarar ta shiga ƙirjina ta zauna, har yau ba ta fita ba.

Ku dubi ƙirarta tukuna. Tsawo mita 70, fara tas, siririya a sama, faffaɗa a ƙasa, bustoci uku kafaɗa da kafaɗa, kowace da injin Merlin 9 a gindinta, jimilla 27, dukkansu suna zuƙar tataccen kananzir da iskar oksijin da aka sanyaya har ta koma ruwa, sanyin da ya zarce digiri 200 ƙasa da sifiri. Kamfanin SpaceX ya ce ƙarfin turinta ya kai na jiragen Boeing 747 guda 18 a haɗe, kuma tana iya kai kaya kusan tan 64 zuwa falakin da ke kusa da duniya, fiye da ninki biyu na Delta IV Heavy, wadda ita ce gwarzuwa kafin ranar. Abin da ya fi burge ni ma, bustocin gefe biyun ba sababbi ba ne. Tsofaffin hannu ne. Ɗaya ita ta ɗaga tauraron sadarwa na Thaicom 8 a watan Mayun 2016, ɗayar kuma ta kai kayan tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa a watan Yulin shekarar. Sun je, sun dawo, an gyara musu hanci, an ce su sake komawa. Ina za ka ƙi son irin wannan roka?

Ni dai ciwon ya kama ni ne daren 21 ga Disamban 2015, da Falcon 9 ta fara sauka a kan ƙafafunta a Cape Canaveral. Lokacin muna zaune a jihar Jojiya ta Amurka inda Baba yake aiki. Daga wannan dare ɗakina ya koma masana'anta: kwali, gam, ƙananan rokokin gwaji da ake saya a kanti, ga wasan Kerbal Space Program da ke cinye mini hutun ƙarshen mako a gaban kwamfuta. Falcon Heavy kuwa tun 2011 ake mana alƙawarinta, aka ce 2013, shekara ta bi shekara muna jira. Da aka kunna injinanta 27 a kan dandamali don gwaji ranar 24 ga Janairun 2018, sai na san wannan karon da gaske ake. Na samu Baba bayan sallar isha'i na zube a gabansa da takardar da na zana hanya da wurin tsayawa da komai.

Ya duba, ya dube ni, ya ce, "Auta, ranar makaranta ce fa. Idan kuma mun je aka fasa?"

Na ce, "Baba, ko an fasa, ai za mu ga Saturn V da idonmu."

Umma ce ta sa baki daga kicin, ta ce, "Malam, yaron nan shekara biyu ba shi da zance sai wannan. A kai shi." Allah ya saka wa iyaye da alheri. Baba ya nemi izini a makaranta, ya ɗauki hutu a wurin aiki, Umma ta cika mana roba da dambun nama, muka kama hanyar kudu cikin dare.

Inda za a tsaya, nan ne ake gane ɗan roka na gaskiya, kuma nan na yi zaɓin da nake alfahari da shi har gobe. Masu hali sun sayi tikitin cibiyar Apollo/Saturn V da ke cikin tashar sararin samaniya ta Kennedy, kimanin kilomita 6 daga dandamalin 39A inda rokar za ta tashi, kuma tikitin ya ƙare tun da wuri. Wasu sun yi sammako zuwa gaɓar Playalinda, wasu sun cika gadar Max Brewer da ke Titusville. Duk wurare ne masu kyau ga wanda tashi ya zo gani. Ni saukar na zo gani. Don haka muka nufi Jetty Park a bakin tashar jiragen ruwa ta Canaveral, sama da kilomita 20 daga inda za ta tashi, amma kimanin kilomita 10 kawai daga filayen sauka biyu, LZ-1 da LZ-2. Wanda ya tsaya a nan ba zai ga gindin roka a kan dandamali ba, sai ta ɗago ta bayyana a saman itatuwa. Na yarda da wannan ciniki, kuma da za a maimaita ranar, nan zan sake tsayawa.

Jama'a kuwa ba a magana. An ƙiyasta mutum kusan 100,000 suka cika wannan gaɓa. Kujerun naɗewa, laima, akwatunan ƙanƙara, kyamarori masu dogon hanci a kan ƙafa uku, tsofaffi da hulunan Apollo da suka koɗe, yara da rigunan NASA har gwiwa, kowa da rediyo ko waya a kunne, kowa kuma abokin kowa ne. A wurin nan ba ka bukatar gabatar da kanka. Ka ce wa na kusa da kai, "Kana ganin ta tsakiya za ta sauka?" shi ke nan kun zama 'yan uwa har yamma.

Wani dattijo Ba'amurke da ya kafa kujerarsa kusa da tamu, wanda ya ce yana saurayi ya kalli tashin Apollo daga wannan yanki, ya ji muna Hausa, ya tambayi Baba daga ina muke. Da ya ji Kano, sai ya miƙe tsaye ya sake ba Baba hannu. Ya tuna mana cewa a zamanin shirin Mercury, NASA tana da tashar bin sawun kumbo a Kano, tana cikin jerin tashoshin da suka yi magana da John Glenn lokacin da ya kewaya duniya sau uku ranar 20 ga Fabrairun 1962. Ni na taɓa karanta wannan, amma jin sa daga bakin baƙo a gaɓar Fulorida daban ne. Sai na ƙara masa da nawa: dandamali na 14 da Glenn ya tashi daga kai maƙwabcin tsohon dandamali na 13 ne, wanda aka share aka mayar filin da bustocin za su sauka yau. Baba bai ce komai ba, amma na ga yadda ya gyara zaman hularsa.

Sai jira. Ƙarfe 1:30 na rana aka sa, amma iskar can sama ta yi ƙarfi, aka ɗaga, aka sake ɗagawa, aka kuma ɗagawa, ga tagar harbin za ta rufe ƙarfe 4:00. Duk ɗan roka ya san wannan azaba, ya san yadda kalmar sikirab, wato fasa harbi, take kaɗa hanji. Muka haɗa azahar da la'asar a kan ciyawa, sallar matafiya, na yi addu'ar da ban taɓa yi wa iska ba. Da labari ya bazu cewa an fara ɗura mai, gaɓar nan gaba ɗaya ta ɗauki sowa, don kowa ya san idan aka fara zuba oksijin mai sanyi, ba da wasa ake ba. An tsayar da 3:45, minti 15 kacal kafin taga ta rufe. A Kano ƙarfe 9:45 na dare ke nan, 'yan uwana suna can sun kewaye waya ɗaya suna jira.

Ƙidayar daƙiƙa goma ta ƙarshe, dubban mutane baki ɗaya. Sifiri. Shiru.

Wannan shirun shi ne abin da nake so ku fahimta, ku da ba ku taɓa zuwa ba, don shi ne bidiyo ba ya iya ba ku. A allo, hoto da sauti tare suke zuwa, saboda makirufo yana gindin dandamali. A fili ba haka ba ne. Haske yana isowa nan take, sauti kuwa sai ya ci kusan daƙiƙa 3 a kowace kilomita. Sai ga wani farin gajimare ya kumbura daga arewa, tururin ruwan da ake kwarara wa dandamali don ya shanye ƙarar, sannan ita kanta ta fito daga bayan itatuwa, a tsaye, a natse, a hankali har ka ji tsoron ko nauyi zai rinjaye ta, tana jan wata wuta doguwa, faffaɗa, ruwan zinare, mai hasken da babu kyamarar da ta taɓa kama shi daidai, hasken da ke sa ka runtse ido da rana tsaka. Kuma duk wannan ba ka jin komai sai ihun mutane da kukan tsuntsayen teku. Ta yi sama, ta fara karkata gabas, kana ganinta tana ƙara gudu, har ka fara tunanin ko ƙarar ba za ta iso ba.

Bayan fiye da minti guda ta iso. Ta fara da gurnani daga ƙasa, kamar ba daga sama take zuwa ba, ta taso ta tafin ƙafa, ta hau gwiwa, ta cika ciki, sannan ta fashe da wannan tatsatsa mai kaifi, mai tsaga iska, mai girgiza riga a jikin mutum, wadda lasifika duk tsadarta take daƙilewa ta mayar da ita hayaniya. Wallahi ba kunne ke jin ta ba. Haƙarƙari ne. Baba, mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya a waje ba, ya riƙe kafaɗata yana cewa, "Subhanallah! Auta, Subhanallah!"

Daga nan sai abin da muka haddace ya fara gudana a kan idonmu. Ta ƙetare Max-Q, inda iska ta fi matsa wa jikinta, lafiya lau. Injinan tsakiya sun rage wuta don su adana mai, na gefe suna ta aiki. Da aka yi kimanin minti biyu da rabi, wurin da kowa ya fi tsoro ya zo, don ba a taɓa raba waɗannan bustoci a sama ba. Ta madubin hangen nesa na ga ɗigo ɗaya ya zama uku. Biyu suka ware, suka juya, suka kunna wutar komowa. Dattijon nan yana ta bubbuga hannun kujerarsa. Shi kansa Elon Musk, shugaban SpaceX, kafin ranar cewa ya yi rabi da rabi ne, nasara ko tarwatsewa, ga shi mun wuce wurin tarwatsewar.

Yanzu ku gyara zama, don nan ne zuciyar labarin. Mintuna suka shuɗe ba a ganin komai, kowa ya ɗaga kai yana lalube a cikin shuɗin sama. Sai wani ya yi kururuwa yana nuni. Wuta biyu, can ƙololuwa, kusan a saman kanmu, gefe da gefe, sun kunna injina don su rage gudu kafin su shiga iska mai kauri. Suka mutu. Sai ga su kansu, sanduna biyu, kowace ta fi bene mai hawa goma tsawo, suna faɗowa da gindi, da gudun da hankali ya ƙi yarda da shi, ƙananan fikafikan nan masu raga suna gyara musu hanya. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu ranar hawan daushe ya san jahi: mahaya su sako dawakai a guje, ƙura ta tashi, ka rantse za su bi ta kan jama'a, sai a taku na ƙarshe su ja linzami su tsaya cak a gaban Sarki. To haka. Sai da zuciyata ta ce sun makara, sannan wuta ta ɓarke a gindin kowace, gudun ya karye, ƙafafu huɗu-huɗu suka buɗe, suka sauko tare, a jere, a daidaice, a tsanake, da wata irin nutsuwa mai sa hawaye, suka ɓace a bayan itatuwa cikin hayaƙi. Kimanin minti 8 da tashinsu. Kai, jama'a!

Muna cikin tsalle sai sonik bum ya same mu. Kowace busta tana sakin bugu uku a jere lokacin da take keta iska fiye da gudun sauti, ga su biyu, sai suka zo a cakuɗe, bam-bam-bam a kan bam-bam-bam, ƙararrawar motoci ta ɗauka, tsuntsaye suka watse, wata mata a gabanmu ta zauna daɓas a ƙasa tana dariya tana kuka. Na san yana zuwa, na karanta, na gaya wa Baba ya shirya, amma duk da haka sai da na zabura. Wannan bugu shi ne sa hannun ranar. Shi ya tabbatar wa jikina abin da idona ya riga ya gani.

Ƙorafi? Akwai, kuma masoyi ne ya fi cancanta ya yi shi. A shirin kai tsaye, wanda mutum sama da miliyan 2 suka kalla a YouTube lokaci guda, an nuna hoton kyamarar busta ɗaya a gurbi biyu, aka bar mutane suna zaton na biyun ne, sai daga baya aka gyara. A rana irin wannan! Sannan bustar tsakiya: hoton jirgin ruwan da zai karɓe ta a teku ya yanke, aka rufe shirin ba a gaya mana makomarta ba, muka yi sa'o'i muna ta jita-jita. Sai a taron manema labarai Musk ya bayyana cewa sinadarin kunna injin ya ƙare mata, ɗaya kawai cikin injina uku ya kama, ta faɗa ruwa da gudun kusan kilomita 480 a awa, kusa da jirgin. Na ji zafin wannan ƙwarai, don ita ta fi kowa wahala, ita ta fi nisa da gudu. Cunkoson fita kuwa, mota ba ta motsi har rana ta faɗi.

Amma a cikin cunkoson ne muka samu kyautar ƙarshe. A wayar Baba muka buɗe hoton kai tsaye daga sama: jar motar Tesla Roadster ta Musk, buɗaɗɗiya, tana sheƙi, mutum-mutumin nan Starman sanye da farar rigar 'yan sama jannati, hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya a kan ƙofa, duniya kuma shuɗiya, zagayayyiya, tana juyawa a bayansa. Na san akwai masu cewa almubazzaranci ne. Ban yarda ba ko kaɗan. Roka a tashin gwaji dole ta ɗauki nauyi, kuma bisa al'ada tubalin kankare ko ƙarfe ake ɗora mata, don babu mai ba da tauraronsa mai tsada ga abin da ba a gwada ba. Tsakanin kankare da wannan hoto, wanne ya sa yara miliyoyi suka ɗaga kai sama? Bayan ta yi kimanin sa'o'i 6 tana ratsa yankin Van Allen mai tsananin tururin radiyeshan, matakin sama ya sake kunnawa ya cilla ta kewayen rana, a hanyar da ke zarce falakin Mars. Tana can har yanzu, tana kammala zagaye ɗaya a kusan shekara ɗaya da rabi.

Washegari Baba ya cika mini ɗaya alƙawarin. Na tsaya a ƙarƙashin Saturn V, mita 111 a kwance, na ɗaga kai ina kallon bakunan injin F-1 guda biyar, kowane mutum zai tsaya a cikinsa ya miƙa hannu bai taɓo sama ba. A nan na sunkuyar da kai: ita ce uwa, ta fi Falcon Heavy ƙarfi nesa ba kusa ba. Na ga kumbon Atlantis a rataye, a karkace, ƙofofin kayansa a buɗe, jikinsa da tabon zafin dawowa. Daga motar zagaye muka hango 39A, dandamalin da Apollo 11 ta tashi ranar 16 ga Yulin 1969, da Columbia a 1981, da Atlantis a tafiyar ƙarshe a 2011. Daga nan ne ma Falcon 9 ta ɗauki ƙananan taurarin Nigeria EduSat-1 da GhanaSat-1 a watan Yunin 2017. Wuri ɗaya, tarihi a kan tarihi, jiya kuma an ƙara masa wani.

Ta ci gaba da burge mu bayan haka. A Afrilun 2019, a harbin Arabsat-6A, duka ukun suka sauka, ko da yake ta tsakiyar ta kife a teku a hanyar dawowa. Ita ta ɗaga kumbon Psyche a Oktoban 2023, ita ta ɗaga kumbon Europa Clipper zuwa Jupiter a Oktoban 2024. Sai dai wanda ke shirin zuwa ya lura da wannan na ƙarshen: a harbin Europa Clipper ba busta ko ɗaya da ta dawo, an ƙone man duka don tafiyar ta yi nisa. Saboda haka kafin ka sayi tikitin jirgi ko ka roƙi Babanka, ka tabbatar harbin da ka zaɓa na masu dawowa tudu ne, ka kuma binciki filin da za su sauka, sannan ka zaɓi gefen da ya fi kusa da shi. Ka ware kwanaki fiye da ɗaya, don iska da hadari ba su san ka yi tafiya ba. Ka tafi da ruwa, da hula, da madubin hangen nesa ko da ƙarami ne, ka isa tun duhun asuba. Wayarka kuma ka bar ta a aljihu idan an fara ƙidaya. Masu manyan kyamarori za su ɗora hotunan da suka fi naka kyau tun kafin ka kai inda ka ajiye mota.